Yadda Matan Gee's Bend Suka Koya wa 'Ya'yansu Ɗinkin Bargo

A shekara ta 1937 gwamnatin Amurka ta aiki wani mai ɗaukar hoto, sunansa Arthur Rothstein, zuwa wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, domin mutanen birane su ga irin talaucin da manoman kudu suke ciki. A cikin hotunan da ya komo da su akwai wani na cikin ɗaki. Wata mace mai suna Jorena Pettway tana zaune gaban keken ɗinki, tana tura wani babban bargo ƙarƙashin allura, 'yan mata biyu kuma suna gefenta sun tallafe bargon don kada ya ja ƙasa. An manne bangon ɗakin da tsofaffin jaridu saboda iska. Talauci aka aiki mutumin ya ɗauko, ya kuwa same shi. Amma wanda ya duba hoton da kyau zai ga makaranta ce, ga malama ga almajirai, ko da yake babu allo babu alli.

Sunan ƙauyen Gee's Bend, watau lanƙwasar Gee, gama a wurin ne kogin Alabama ya lanƙwashe ya kewaye ƙasar ta gefe uku, ya bar mata hanya ɗaya tak ta tudu. Bargon da ake magana a kansa kuwa ba saƙa shi ake yi kamar gwado ba. Ɗinka shi ake yi hawa uku. Na sama ƙyallaye ne da aka harhaɗa har suka kai faɗin gado, na tsakiya auduga ce, na ƙasa kuma shafi ne. Sa'an nan a bi dukan ukun da allura, layi bayan layi, don audugar ta zauna wuri ɗaya. Turawa suna ce da shi kwilt. A nan za a kira shi bargon ƙyallaye.

Asalin mutanen wurin bayi ne. A shekara ta 1816 wani Bature mai suna Joseph Gee ya zo daga jihar Karolina ta Arewa ya kafa gandun auduga a wannan lanƙwasa. A 1845 gandun ya koma hannun wani danginsa, Mark Pettway, wanda ya taso da iyalinsa da bayi kimanin 100. Bayin da ƙafa suka yi tafiyar, tafiyar makonni. Shi ya sa har wa yau da yawa daga cikin mutanen ƙauyen suna amsa sunan Pettway, ko da babu jini tsakaninsu: sunan ubangidan kakanninsu ne. Sa'ad da aka hana bauta a 1865, da yawa ba su tafi ko'ina ba. Suka zauna suna noman ƙasar da ba tasu ba, suna cin bashin iri da abinci a hannun 'yan kasuwar Camden, garin da ke hayin kogi, a biya da auduga in kaka ta yi.

Gidajensu na gungumen itace ne, ana toshe ramukan da laka, iskar hunturu kuwa ba ta rasa inda za ta shiga. Iyali mai 'ya'ya goma ko fiye ba abin mamaki ba ne. Kowane gado yana bukatar barguna da yawa, waɗanda suke kwana a ƙasa kuma suna bukatar na shimfiɗa da na rufa. Ba kuɗin sayen bargo, ba kuɗin sayen yadi. Saboda haka duk abin da ya taɓa zama tufa, ƙarshensa bargo ne: wandon aiki da ya mutu a gwiwa, rigar mace da ta koɗe, buhun gari, buhun taki. Uwa ɗaya ba za ta iya ɗinka abin da zai rufe gida duka ba. Dole yara su sa hannu, tun suna ƙanana.

Daga nan koyarwar ta samo tsarinta, ba wanda ya zauna ya rubuta shi. Matan da suka ba da labarin ƙuruciyarsu daga baya, bakinsu ya zo kusan ɗaya. Aikin yaro na fari shi ne tsince-tsince: duk ƙyallen da ya gani a hanya ko a bakin shinge ya kawo gida a wanke. Sai zura zare a allura, gama idon yaro ya fi na kaka gani, musamman da dare a gaban fitilar kananzir. Sai bugun auduga. Akan samo ragowar da ta zube a wurin injin gurza, a baza ta a ƙasa, yara su yi ta dūkanta da sanda har ƙura da datti su fita, ta yi laushi. Sai farke tsofaffin tufafi, a ware inda ya ruɓe, a yayyage sauran dogo-dogo. Yarinya takan yi shekaru tana waɗannan kafin a ba ta ƙyalle biyu a ce ta haɗa. Kafin ranar ta zo, hannunta ya riga ya san wane yadi ne mai ƙarfi, wane ne zai yage, wane ne yake jan zare.

Haɗa ƙyallayen sama aikin mutum ɗaya ne, kowace mace a ɗakinta, da dare ko ran da ruwa ya hana zuwa gona. Amma ɗinke hawa ukun aikin gayya ne, ana yinsa bayan an gama tsinkar auduga. Akan haɗa katako huɗu a ɗaure bargon a jikinsu ya miƙe sosai, a waɗansu gidaje a rataye shi da igiya daga rufin ɗaki, in an tashi a ja shi sama. Mata su kewaye shi, yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan. Suna ɗinki suna rera waƙoƙin sujada, gama mutanen wurin masu riƙe da majami'a ne ƙwarai, wani lokaci waƙar ta juye ta zama addu'a. Ƙananan yara kuwa wurinsu ƙarƙashin bargon ne. Daga can suna ganin allurai suna leƙowa suna komawa, suna jin labarin kakannin da suka zo da ƙafa, da labarin wanda ya mutu da wanda za a aurar. Ran da aka ce wa yarinya ta fito daga ƙasa ta ja kujera ta zauna cikin manya, ta san ta girma.

Loretta Pettway tana da shekara 11 ta gama bargonta na fari. Mary Lee Bendolph, wadda aka haifa a 1935, tana da 12 ta yi nata, a hannun mahaifiyarta Aolar Mosely, ita kuma ta koya wa 'yarta Essie. Makarantar boko a wancan zamani sai abin da gona ta rage, gama yara suna cikin auduga daga shuka har girbi, 'yan watanni ne kawai suke samun zama a aji. Ga da yawa cikin 'yan matan nan, abin da suka koya a gefen uwa shi ne ilimin da suka samu cikakke.

To, koya wa yarinya ɗinki ba baƙon abu ba ne a ko'ina cikin duniya. Abin da ya bambanta Gee's Bend shi ne abin da uwa take tsanantawa a kai da abin da take ƙyalewa. A wurare da yawa na Amurka, mace takan sami zanen bargo a littafi ko a jarida, ta auna kowane ƙyalle, ta yanka da almakashi daidai wa daida, gwaninta kuwa ita ce kusurwa ta haɗu da kusurwa har bargonta ya fito kamar na littafin. Matan Gee's Bend sun san irin waɗannan zane-zane, suna kuma yinsu in sun so. Akwai wanda suka fi ƙauna, mai suna rufin ɗaki: a fara da ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, a yi ta kewaye shi da dogayen ƙyallaye, zobe bayan zobe, kamar mutum ya kwanta rigingine yana duban jerin itatuwan rufi. Akwai kuma mai kama da jerin tubali. Amma a wurinsu zanen mafari ne kawai. Uwa takan tsaya a kan ɗinki ya yi ƙarfi, gama bargon da ya farke cikin sanyi ba shi da amfani, ɗinkin da ya yi sako-sako kuma akan sa a warware a sake. Zancen wane launi zai bi wane, ina za a karya layi, ina za a jefa ja guda ɗaya cikin shuɗi, wannan an bar wa mai bargon. Suna da suna ga irin wannan aiki, suna cewa bargon "yadda na ga dama" ne. Yarinyar da ta kwaikwayi na uwarta sak ba ta burge kowa ba.

Rashi ma ya yi nasa koyarwa. Wadda take da yadi ɗaya mai yawa ba ta da abin tunani. Wadda take da ƙafar wando shida, da hannun riga biyu, da ɗan jan ƙyalle da bai fi tafin hannu ba, dole ta baza su a ƙasa ta yi ta juyawa har idonta ya kwanta. Wandon jins da ya sha rana yakan koɗe, amma in an cire aljihunsa sai a tarar da wurin yana nan da shuɗinsa na asali. Matan suka mai da wannan ado: duhun aljihu a nan, farin gwiwa a can. Kowace bazara akan shanya barguna a kan shinge su sha iska, mata su bi hanya suna dubawa, kowa tana ganin abin da maƙwabciyarta ta yi, ta koma gida da niyyar yin abin da ya fi shi. Yara suna biye da su suna jin abin da ake yabawa da abin da ake yi wa shiru. Ba su taɓa shiga gidan nuna zane ba, amma sun tashi suna ganin aikin gwanaye a rataye kowace shekara, sun kuma san mai kowane ɗaya.

Akwai bargo ɗaya da ya kamata a tsaya a kansa. Wani manomi, Nathaniel Pettway, ya rasu bayan doguwar jinya. A 1942 matarsa Missouri ta tattara kayan aikinsa, wanduna da riguna, ta ce za ta yi bargo da su ta riƙa rufa don tunawa da shi. 'Yarsu Arlonzia ce ta taya ta farke su da yayyagawa, ita ce kuma ta ba da labarin bayan shekaru masu yawa. Mutumin bai mallaki tufafi da yawa ba, kusan dukan abin da ya bari ya shiga cikin bargon. Yana nan har yanzu, toka-toka da shuɗi mai koɗewa, da tabon ƙasar gona a inda gwiwoyinsa suka sha durƙuso. Budurwar da ta yi wannan aiki tare da uwarta ta koyi abin da ya wuce riƙon allura.

Shekarun da suka gabaci wannan su ne mafi tsanani a tarihin ƙauyen. Farashin auduga ya faɗi ƙasa da santi 6 a kan laba a 1931. A 1932 ɗan kasuwar Camden da yake ba su bashi ya mutu, magadansa suka aiko mutane da kekunan doki suka kwashe abin da iyalai fiye da 60 suka mallaka: alfadarai, shanu, kaji, garemani, masara, dankali. Da taimakon ƙungiyar Red Cross aka fita wannan hunturu. Daga baya gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sayi ƙasar, ta gina gidaje na katako da makaranta da ɗakin shan magani, ta kuma sayar wa iyalai gonakin a kan bashi mai sauƙi. Wannan ne ya kawo mai hoton nan a 1937. Ya kuma sa mutanen suka zama masu ƙasa, abin da ya riƙe su wuri ɗaya sa'ad da baƙar fata na sauran kudu suke ta ƙaura zuwa biranen arewa. Da sun watse a lokacin, da salon ɗinkinsu ya watse tare da su.

Da zamanin neman 'yancin jefa ƙuri'a ya zo, mutanen Gee's Bend suka riƙa haye kogi zuwa Camden don a rubuta sunayensu. A 1962 hukuma ta tsai da jirgin fito. Tafiyar da take ta 'yan mintoci ta koma ta kusan mil 40 a mota, ga mutanen da yawancinsu ba su da mota. Martin Luther King ya zo ya yi wa'azi a majami'ar Pleasant Grove ta ƙauyen a 1965, sa'ad da aka kashe shi kuma a 1968, alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki akwatin gawarsa a birnin Atlanta.

A cikin wannan hali ne wani limamin ikkilisiyar Episkopal, Francis Walter, ya ga barguna a shanye a bakin hanya, ya fara saye yana aikawa Niyok a yi gwanjonsu, kuɗin ya komo wa matan. A watan Maris 1966 aka kafa ƙungiyar haɗin kai mai suna Freedom Quilting Bee, mazauninta yana 'yan mil kaɗan daga ƙauyen, Estelle Witherspoon ce ta daɗe tana shugabancinta. Ƙungiyar ta yi alheri da ba a musu. Mata da ba su taɓa riƙe albashi ba suka samu, aka sa wuta da famfo a gidaje, aka tura yara makaranta mai zurfi, aka buɗe wurin renon ƙananan yara. Amma manyan kantunan Niyok suna son barguna iri ɗaya, awo ɗaya, ɗinki ƙanana a jere, domin abin da mai saye ya gani a hoto shi zai karɓa. Abin da uwaye suka bar wa ido, kasuwa ta ce kuskure ne. Waɗansu gwanaye ba su iya zama a ƙungiyar ba saboda layinsu ba ya miƙewa. A 1972 aka sami kwangila da kamfanin Sears ta ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri mai layi-layi da ake kira kodiroi. Aikin inji ne, guda bayan guda. Sai dai matan suka riƙa kwashe ragowar yadin zuwa gida, ja da ruwan ƙasa da kore da ruwan zinariya, suka yi barguna yadda suka ga dama. Waɗansu daga cikin mafi kyau da ƙauyen ya taɓa fitarwa daga wannan shara suka fito.

Duk da haka sarƙar ta fara tsinkewa, ba kuwa mugunta ce ta tsinka ta ba, sauƙi ne. Gida mai ɗumi ba ya bukatar bargo goma. Na kanti ya yi araha. Madatsar ruwa da aka gina a Millers Ferry wajen ƙarshen shekarun 1960 ta cinye gonaki masu kyau, noman auduga ya ja baya, samari da 'yan mata suka tafi Mobile da sauran birane neman aiki. Yarinyar da take aji daga safe har la'asar ba ta da lokacin zama ƙarƙashin bargo, ba kuwa uwar da za ta so 'yarta ta koma tsinkar auduga don a ceci ɗinki. Ga da yawa cikin matasan, bargon ƙyallaye warin talauci yake yi. Har tsofaffin ma ba su ɗauke shi wani abu ba. Wanda ya tsufa akan shimfiɗa wa kare, ko a ƙone shi don hayaƙin ya kori sauro.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, ya ga wani hoto a littafin Roland Freeman: wata tsohuwa, Annie Mae Young, tare da tattaɓa-kunnenta, ga bargo an baza a kan tarin itacen wuta. Ya bi sawu har ƙofar gidanta, daga nan ya bi gida gida yana sayen barguna da aka ciro daga ƙarƙashin katifu. A 2002 aka nuna wajen 70 daga cikinsu a gidan kayan fasaha na birnin Houston, sa'an nan a gidan Whitney na Niyok. Mai sharhi na jaridar New York Times ya sa su cikin mafi ban mamaki na abin da Amurka ta yi a fasahar zamani, aka yi ta kwatanta su da zanen Matisse da Klee, mashahuran masu zane na Turai, waɗanda matan ba su koyi kome daga gare su ba. A 2006 gidan waya na Amurka ya buga kan sarki iri 10 da hotunan bargunan, a shekarar ce kuma jirgin fito ya komo bayan shekara 44. Suna ya zo da nasa rigima. A 2007 uku daga cikin matan suka kai ƙara a kan yadda aka sayi aikinsu da yadda ake cin ribar hotunansa, aka kashe maganar a 2008. A 2015 gwamnati ta ba Mary Lee Bendolph da Loretta Pettway da Lucy Mingo lambar girma mafi girma da ake ba masu sana'ar gargajiya a ƙasar.

Tun daga lokacin, malaman zane a makarantun firamare na Amurka da yawa suna koyar da darasi a kan Gee's Bend. Akan nuna wa yara hotunan bargunan, a ba su takardu masu launi ko ƙyallaye da almakashi da gam, a ce kowa ya shirya nasa. A 2008 marubuciya Patricia McKissack ta fitar da littafin yara a kan wata yarinyar ƙauyen da ta tashi daga ƙarƙashin bargo har ta ɗinka nata. Darasin yana da amfani, musamman inda malami ya bar yaro ya zaɓa da kansa, bai ba shi zanen da zai bi ba. Amma minti 40 ne, da takardar da aka sayo jiya. Yarinyar Gee's Bend ta yi shekaru tana taɓa yadi kafin ta haɗa biyu, ta san wanda ya sa kowane ƙyalle a jikinsa, ta kuma san ƙanenta zai kwana cikin abin da ta ɗinka. Malamin da ya ce wa yara su kawo tsohuwar rigar gida ya fi kusa da asalin abin.

A cikin waɗanda suka shiga motar da ta kai matan ƙauyen Houston a 2002 akwai Louisiana Bendolph, surukar Mary Lee, haifaffiyar 1960. Tana da shekara 12 ta yi bargonta na fari, don ba ta da zaɓi. Da ta girma ta koma Mobile ta kama aiki, ta ajiye ɗinkin bargo, ba ta kuma yi kewarsa ba. A Houston ta ga aikin tsofaffin da ta sani rataye a bango da sunayensu a ƙasa. Ta faɗa daga baya cewa tun a hanyar komowa siffofin barguna suka fara zuwa mata a ido, ba su bar ta ta huta ba sai da ta zana su a takarda ta ɗauki yadi. Hannun da aka horar tun tana yarinya bai manta ba. A 2005 ita da surukarta suka je Kalifoniya suka yi aiki da masu buga zane, aka mai da tsarin bargunansu hotuna a kan takarda, aikinta kuma ya shiga manyan gidajen kayan fasaha. Ƙungiyar Freedom Quilting Bee ta rufe a 2012. Ƙauyen, wanda sunansa a takardun hukuma Boykin ne tun 1949, mutanensa ba su kai 300 ba a ƙidayar 2010.